Ɗan Kabarin da Na Haƙa a Ƙasar Ceroki

Abu na farko da Amirka ta yi mini shi ne ta sa mini rigar mata. A tashar bas ta New York na gamu da wani baƙin mutum mai jin Faransanci, ya gan ni ina kyarma cikin ƴar shadda, ya rungume ni yana ɗan'uwa ɗan'uwa, ya ce sanyin ƙasar nan kisa yake yi. Ya buɗe jaka ya fiddo wata doguwar rigar sanyi mai gashi a wuya, ya rantse irinta ministoci ke sawa. Na biya ina godiya. Haka na zauna cikin bas ina hura hanci, muna keta garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba, har wata tsohuwa da ke kusa da ni ta kasa daurewa ta raɗa mini cewa ƙanwarta na da irinta sak. Ban tuɓe ba. Sanyin ya fi kunyar ƙarfi.

Ni ɗan manomin albasa ne daga wani ƙauye kusa da Malbaza. Bayan babban farin nan na shekarun tamanin aka ba wasunmu bursu, wato tallafin karatu, mu je mu koyo ilimin ban ruwa, ni rabona ya faɗa jihar Oklahoma. Ɗakin da na samu a ƙarƙashin wani gida yake, mai gidan ya nuna mini wani ƙarfe jikin bango ya ce shi ke ɗumama ɗaki. Har na bar gidan ƙarfen nan bai taɓa yin ɗumi ba. Amma ba sanyi ya fi cina ba, rashin gaisuwa ne. Mu mutanen Ƙonni in muka tare mutum sai mun tambayi gida da yara da gajiya da awaki. Can kuwa ka buɗe baki za ka amsa, mai gaishe ka har ya sha kwana. Na yi kewar fura har na riƙa dama garin masara da madara ina ruɗin kaina.

A gonar gwaji ta makaranta na san Sam. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, shi ke tuƙa a-kori-kurar da ke kai mu gona. Da aka ce mini shi Baceroke ne, cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, sai na tsaya ina kallonsa ina neman gashin tsuntsu a kansa, don iyakar sanina da su abin da na gani ne a silima a Ƙonni. Hular hana-salla ce kawai a kansa, da ƴar riga mai layi-layi. Ba ya kallon mutum cikin ido, in zai nuna abu da leɓe yake nunawa, kuma in ka tambaye shi abu sai ka fid da rai kafin ya amsa. Ni kuwa bakina ba ya hutawa. Wata rana muna dawowa na cika shi da labarin albasar Galmi tun daga gona har gari, da muka tsaya ya ce, "Sali, a ƙasarku ana biyan kuɗi ne in mutum ya yi shiru?"

Shi ya fara kai ni gida, gidan yayarsa Lusi, can cikin duwatsu inda titi ya ƙare. A wurinsu gida na mace ne, dangi ma ta wajen uwa ake lissafa shi, don haka Sam da furfurarsa in Lusi ta yi magana sai ya sunkuyar da kai. Mijinta Wili yana kan kujera a baranda, ciwon ƙirji ya cinye shi. Mutane ne masu son naman alade, na zauna ina ta tunanin yadda zan ƙi abinci ban ɓata musu ba. Ashe Sam ya riga ya faɗa mata. Ta nuna mini wata sabuwar tukunya da ta saya, ta ce wannan tawa ce, wake da kaza kawai za ta sani. Tun da na sauka ƙasar ba wanda ya yi mini abu irin wannan, sai da na fita waje kamar zan duba mota.

Na shekara ina lallaɓawa. Sanyi na biyu ya shigo, ran nan aka buga ƙofata aka ce ana nemana a waya. Ƙanena Isa ne daga gidan waya na Ƙonni, muryarsa na zuwa tana yankewa.

"Yaya, kai na? Sai haƙuri. Baba Allah ya yi mai cikawa."

Na ce, "Yaushe?"

"Tun kaka. Har arba'in munka yi."

"Tun kaka? Kuma ba wanda yah hwaɗa min?"

"Inna ta hana. Tac ce in ka jiya barin lakwal za ka yi, ka yada karatu ka taho. Shi ma kahin ya cika abin da yac ce ke nan."

"Wa yag gina mai kushewa?"

"Mu munka gina, ni da ɗiyan Kawu."

Na kife wayar ban ce masa ko ya haƙuri ba.

Sai na yi bayani kafin a gane abin da ya same ni. A ƙauyenmu in aka yi rasuwa, samari ke haƙa uwar kabari, wato babban ramin na sama. Amma ɗan kabari, siririn ramin da ke tsakiya inda ake kwantar da mamaci a kan damansa, mahaifina ke shiga ya gyara. Ba ya yarda da aikin kowa. Da hannu yake shafe bangon, ya tsince ƴan duwatsu ɗaya ɗaya. Ni ne ɗansa na fari, tun ina saurayi yake jana ciki yana nuna mini, kuma ba sau ɗaya ba ya ce mini, "Ranar tawa kai za ka gyara min ɗakina, kar ka bari waɗanga su yi min aikin gaggawa." Ina dariya in ce Allah ya nisanta. To ga ranar ta zo ta wuce, ni ina nan ina auna ruwa a bututu.

Daga nan abinci ya ƙi shiga. In na kai loma baki sai maƙogwarona ya rufe. Barci ya ƙaura, na daina shiga aji, wandona ya koma sai da igiya. Fushi nake da Inna, da Isa, da shi kansa marigayin, in na tuna ina fushi da mamaci kuma sai in yi ta istigfari. Isa ya sake bugowa na ƙi zuwa. Likitan makaranta ya ba ni ƙwayoyi, suka mai da ni kamar buhun gero, ina zaune amma ba ni nan. Wata mata a buro, wato ofishin ɗalibai baƙi, mai kirki ce ba laifi, ta gaya mini a fili cewa in ban dawo daidai ba kafin ƙarshen zango za a yanke bursu a sa ni jirgi. Na san abin da ke jirana. Za a ce ɗan wane ya tafi Amirka boko ya taɓa masa kai, ga uba ya tafi, ga karatun da aka ɓoye mini mutuwarsa dominsa ya zube.

Sam bai zo da wa'azi ba. Ranar Asabar sai in ji ƙarar motarsa, ya shigo ya zauna bakin gado, ya ɗora hula a gwiwa, mu yi ta zama. Da farko abin haushi yake ba ni, in ce a raina wannan wane irin dubiya ne, ko sannu babu. Daga baya na lura ranar da ya zo numfashina ya fi sauka. Wata safiya ya ce in taso. Ya kai ni wani rafi bayan gidan Lusi, ya tuɓe takalmi ya shiga ruwan sanyin nan, ya fuskanci gabas, yana ɗiba yana zubawa a kansa yana magana a hankali da harshensu. Na ce masa ni musulmi ne, ba zan yi wannan ba. Ya ce bai ce in yi ba. Na tsuguna a gefe na yi alwalata, shi yana nasa.

A kan hanyar dawowa na faɗa masa komai, har maganar ɗaki. Ya ce kakanninsa ba nan suke ba. Daga can gabas soja suka koro su a ƙasa cikin sanyi, tsofaffi da jarirai suna faɗuwa a hanya, wasu ko rufe su ba a bari an yi ba. Ya ce, "Ciwon wanda bai rufe nasa ba, mun san shi. Kakata da shi ta girma. A wurinmu lafiya ita ce mutum ya riƙa tafiya kamar ruwan can, ba gudu ba tsayawa. Kai ka tsaya ne, Sali." Na ce to me ake yi? Ya ce bai sani ba tukuna.

Sanyi na ja da baya Wili ya rasu. Da sassafe Sam ya zo ya ce in sa takalmin gona, za mu gadugi. Na ce mene ne kuma gadugi? Ya ce in aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya, noma ne ko rufin ɗaki ko kabari, maza su taru su yi, mata su yi girki, ba a biyan kowa. Na ce ai gayya ke nan, mu ma muna da ita. Na so in ce ba ni da ƙarfi, amma mutumin da matarsa ta saya mini tukunya ba zan ƙi zuwa kabarinsa ba.

Maƙabartar ƴar ƙarama ce a bayan cocinsu na katako, kan tudu. A gari da mota ake haƙa kabari, su kuwa sun ce nasu da hannu za a yi. Ƙasar ja ce mai duwatsu, in ka kai diga sai wuta ta tashi, irin ta tudun Adar. Maza suka yi ta karɓa-karɓa, ba mai ba da umarni, wanda ya gaji ya miƙa wa na kusa. Ramin ya yi faɗi ya yi zurfi fiye da namu, saboda su da akwati suke rufewa. Da ya kusa kammala suka ce in shiga in daidaita ƙasan, tunda aikin ba nauyi, su kuma suka koma gindin wani icce suna shan kafe.

Wallahi ban san lokacin da na fara ba. Na dai san na tuɓe takalmi, na ji sanyin ƙasa a tafin ƙafata da ƙanshin jar laka, hannuna kuma ya kama aikin da ya sani. Na ja layi biyu a tsakiya, na shiga sara. Ban ji gajiya ba, ban ji yunwa ba. Sai da na kai kusan gwiwa na ji murya a sama.

"Kai! Me kake yi haka?"

Wani jikan Wili ne, ƙato mai aikin gini, ya leƙo ransa a ɓace. Ya ce an ce in daidaita wuri na zo na yi masa rami a tsakiya, yanzu sai an cike an daddaɓe, ga mutane sun kusa fitowa daga coci. Na dubi abin da na yi, na dubi fuskokin da suka kewaye bakin ramin. Kunya ta rufe ni. Na shiga ba da haƙuri ina jawo ƙasa da shebur zan mayar.

Sam ya ce in dakata. Ya tsuguna ya tambaye ni wannan ramin na mene ne. Na ce haka muke yi a gida, nan ake kwantar da mutum, a jera itace a sama, a sa ganye, a liƙe da laka don kada ƙasa ta taɓa shi. Na ce mantuwa ce. Ina cikin faɗa muryata ta karye, na zauna cikin kabarin mutane na yi kukan da ban yi ba tun ranar wayar. Ba wanda ya ce in yi shiru, ba kuma wanda ya zuba mini ido. Duk suka juya suna kallon itatuwa.

Da na lafa Sam ya ce wannan ba maganar maza ba ce, kabarin na Lusi ne. Aka je aka kira ta. Ta taho a hankali cikin baƙar riga, ta tsaya a baki, Sam ya yi mata bayani da harshensu. Ta daɗe tana kallon ramin.

Ta ce, "Yaya sunan mahaifinka?"

Na ce, "Mahamadu."

Ta maimaita har ta iya. Ni kuma tsoro ya kama ni, na ce, "Inna Lusi, shi musulmi ne, yana can ƙasarmu an rufe shi. Ba ya nan."

Ta ce, "Na sani. Ban ce yana nan ba. Kai ne kake nan, kuma aikinka ne ka bari a tsakiya. Wili bai taɓa korar baƙo daga baranda ba, ba yau zai fara ba. Ka gama shi yadda za ka yi wa mahaifinka, kada ka yi sauri. Za mu ƙara waƙa a coci mu jira ka."

Ta juya ta koma coci. Na ji sun ɗauki wata waƙa da harshen Ceroki, suna ja a hankali.

Na gyara ɗakin nan kamar yana tsaye a kaina. Na shafe bangon da tafin hannu, na tsince duwatsu har ƙanana, na daidaita wajen kai. Da na ɗago zan ce ina son itace, sai na tarar har sun sassaro, suna tambayata tsawon ya yi ko a rage. Jikan nan da ya yi mini tsawa shi ya sauka rafi ya ɗebo ruwa a bokiti, ya tsuguna yana kwaɓa mini laka yana miƙowa. Na jera itacen, na shimfiɗa ganye, na liƙe ko'ina har ba kafar da ta rage. Sannan na daddaɓe sama ya yi daidai yadda akwati zai zauna. Na fuskanci alƙibla na yi wa mahaifina addu'a, na roƙa masa gafara da sanyin makwanci. Na ce masa, Baba, ga shi na yi, ba aikin gaggawa ba ne.

Na san wannan ba ya cikin kowane littafi. Da na koma gida na ba wani malaminmu na Illela labari, ya girgiza kai ya ce rami ne kawai na haƙa, addu'ar ita ce abin da ya isa ga mamaci. Ban yi masa gardama ba, gaskiyarsa ce. Ni dai na san abin da ramin ya yi wa mai rai.

Aka sauke Wili, kowa ya zuba ƙasa da hannunsa, muka rufe. Daga nan masu haƙa suka gangara rafi su wanke jiki kamar yadda al'adarsu take, na bi su na wanke lakar da ke hannuna har gwiwar hannu. A gidan Lusi an jera tebura a waje. Lokacin albasar daji ne, wata siririya da suke tonowa bakin rafi su soya da ƙwai. Lusi ta zubo mini daga tukunyata, ta haɗa da wake da gurasar masara, ta ajiye ta wuce ba ta tsaya kallona ba. Na kai loma ɗaya ina jiran maƙogwaro ya rufe. Ta wuce. Na kai ta biyu. Ban ankara ba sai ga kwano fes, ina ce wa Sam wannan albasa tasu ba laifi, amma in ta ga ta Galmi sai ta ɓuya. Ya ce, "To, baki ya dawo. Mun shiga uku."

Ba rana ɗaya na warke ba. Na koma aji da kyar, ina bin abin da ya wuce ni, matar buro ta ƙara mini lokaci. Duk Asabar Sam na zuwa ya ɗauke ni, yau mu gyara wa wata tsohuwa rufi, gobe mu faskara wa wani itace, in dawo a gajiye in yi barci kamar yaro. Amma akwai abin da ya rage, kuma Lusi ce ta tono shi. Ta tambaye ni ko na yi wa mahaifiyata gaisuwa. Na ce ai ita ta ɓoye mini. Ta ce, "Mijinta ta rasa. Ta haɗiye, ta hana kanta kukan ɗanta don kada ya rasa abin da ya je nema. Kai kana nan kana fushi, ita wa ya tambaye ta?"

Na aika wa Isa saƙo ya kawo ta Ƙonni ranar kasuwa. A kan amalanken jaki aka fito da ita zuwa bakin titi, sannan mota. Ba ta taɓa riƙe waya ba. Na ji Isa yana ce mata, "Nan za ki sa ga kunne, Inna, ki yi magana, yana jin ki."

Na ce, "Inna, ina wuni. Ya haƙuri? Ya haƙurinmu?"

Shiru, sai numfashinta. Ni ɗan fari ne, tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye in da mutane a wurin. Na ƙara cewa, "Inna, ki gahwarta min. Na daɗe ban gaishe ki ba."

Sai na ji ta juya, wayar na manne a bakinta, tana ce wa ƙanena, "Isa, tambaye shi. Yana cin abinci?"

Na dafa bango. Na ce, "Isa, ka ce mata ina ci. Ka ce mata har ƙari nika yi."